Jakar da Kofur Sila Ya Ɗaure

Ranar Laraba aka binne ƙanena Justice a maƙabartar sojoji ta Abuja. Ranar Juma'a aka kawo jakarsa gidana a Rikoto, cikin garin Zuru. Uwar da ta haife shi kuwa tana can ƙauyenmu na kan dutse, tana ciran ciyawa a gonar dawa, tana jiran wasiƙa daga Sudan.

Baba Yari, ƙanen mahaifinmu, shi ya yanke yadda za a yi. Sunansa ne Justice ya rubuta a takardar soja a matsayin wanda za a nema in wani abu ya faru, don haka shi aka kira, shi ya je ya tsaya a bakin kabari, ya dawo tare da wani Kofur Sila, ɗan Bena, abokin aikin marigayin. Na yi masa faɗa son raina. Yaya za a rufe ɗa, uwarsa tana raye ba ta ko ji ba? Ya bar ni na gama, sannan ya tuna mini abin da na riga na sani. Mama tana da hawan jini, likita ya ce zuciyarta ta kumbura, kuma ranar da aka kawo jakar babanmu daga Laberiya, shekara goma sha biyar da suka wuce, daga tsaye ta yanke jiki ta faɗi. A lokacin ma da ƙarfinta, kuma a cikin gari muke, kusa da asibiti. Yanzu daga ƙauyen zuwa inda mota take iya kaiwa tafiyar awa uku ce a ƙafa.

"Ba a hwaɗa mata can bisa," in ji shi. "Ke za ki hau ki sauko da ita. Ki ce likita na son ganinta. In ta iso nan, ga Fasto, ga Sista Talatu ta asibiti da allurarta, sannan mu yi magana."

"Ni kaɗai, Baba?"

"In maza uku sunka hau, mi kike so ta ce? Ai ta san abin da ka kai maza uku gidan tsohuwa da rana tsaka."

Gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ni ce mai hawa duk ƙarshen wata in kai mata magani, ganina ba zai tayar mata da hankali ba.

Gawar babanmu ba ta taɓa dawowa ba, jakarsa kawai muka gani. Mama 'yar gidan magina tukwane ce, irin waɗanda a da suke gina tukunyar da ake ɗorawa a kan kabari, wadda ba a dafa komai a cikinta, ba a zuba mata ruwa. Bayan ta koma kan dutse sai ta gina masa guda ɗaya a ɓoye, saboda mutanen coci ba sa son abin. To kabari babu, balle a ɗora. Tun daga lokacin tukunyar tana ƙarƙashin gadonta, a naɗe cikin baƙin zanen da ta yi zaman makoki da shi. Muna yara tsoron leƙa wurin muke yi.

Kullum a gana-mas-go nake zuba kaya in ɗora a ka, hannu ɗaya yana tallafe da ita. Wannan karon ba zai yiwu ba. Watan Agusta ne, duwatsu sun yi santsi, kuma zan sauko riƙe da tsohuwa mai ciwon zuciya. Hannayena biyu nake bukata a sake. Sai jakar goyo.

Kofur Sila yana kan benci tun safe. Da ya ji ana maganar jaka sai ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da koriyar jakar Justice, wai ita ce daidai da hawan dutse. Na dube shi, na dubi lambar ƙanena da aka rubuta da farin fenti a gefen jakar.

"Kofur, kanka ɗaya kuwa? Wagga zan goya in shiga gidan Mama?"

Ya tsaya riƙe da ita kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Sai kuma ya ba ni tausayi, don yaro ne, bai fi shekarun Justice ba, idanunsa sun yi ja kamar nawa. Na ce ya ajiye, ya zo ya raka ni kasuwa tunda ya san jaka.

Shagon Ugochukwu mai gwanjo muka nufa. Yana hango ni ya taso ya kama hannuna biyu.

"Madam Gladys, na ji abin da ya faru. Kai! Allah ya ba da haƙuri. Yaron kirki, a nan yana sayen takalmi."

Gabana ya faɗi. Jakar ba ta kwana a gidana ba, labari har ya shiga kasuwa. In ya shiga kasuwa kuwa, gobe ko jibi wani mai sayar da doya zai hau da shi kan dutse, ya tare Mama a bakin gona ya yi mata gaisuwa. Na ce wa Ugochukwu ya sauko da jakunkunan, sauri nake yi.

Wata 'yar ja na fara ɗauka, mai kyau, mai aljihu a gaba. Sila ya murza hannayenta ya ce sirara ne, kafin awa ɗaya za su yanka mini kafaɗa, kuma ba ta da bel ɗin ƙugu. Ya zaro wata koriya, na harare shi ya mayar. Ugochukwu ya kawo baƙa, na ce ba zan shiga gidan uwata da baƙin abu a baya ba. Mai ruwan ƙasa ma na ƙi ta, aljihunanta sun yi yawa, ta yi kama da ta soja. Daga can ƙasan dila aka tono wata shuɗiya, ta ɗan koɗe, da alama wani Bature ya sha yawo da ita kafin ta faɗo Zuru. Sila ya juya cikinta waje, ya ja ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki da dukkan ƙarfinsa, bai motsa ba. Ya ja zif sama da ƙasa ya fi sau goma, ya karɓi guntun kyandir ya goga masa. Ya nuna mini ƙarafa biyu masu faɗi da aka ɓoye a cikin bayanta, da soso mai kauri a inda za ta taɓa jiki.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka cusa mata galan na ruwa, ya ce in goya in yi tafiya. Ni, malamar makaranta mai 'ya'ya uku, ina kai da kawowa a gaban shago da goyo kamar 'yar aji ɗaya, masu tumatir suna kallo. Ya sassauta duk maɗauran, ya fara ɗaure bel a kan ƙashin ƙuguna, sannan ya ja na kafaɗa, sannan ɗan ƙaramin na ƙirji.

"Ƙugu ka ɗaukar kaya, Anti, ba kahwaɗa ba. In kin ji kahwaɗa na zahi, bel ya sauka, ki ɗaga shi."

Na ji nauyin ya bar wuyana ya zauna a ƙasa. Na biya muka tafi.

Da la'asar na baza kayan a tabarma: maganin Mama, burodi, gwangwanin madara, gorar ruwa biyu, zane da riga na canji, lemar ruwa, babbar leda. Ina shirin turawa ciki yadda na saba sai Sila ya durƙusa a gefena.

"Anti, ki bari in shirya miki. Don Allah. Ban iya yi mishi komai ba can. Wanga dai na iya."

Wa zai ce a'a? Na matsa masa. Ya naɗe zanen da rigar tamau kamar ƙananan tabarmi maimakon ya ninke. Kowane abu ya sa shi a ledarsa ya ƙulle bakin. Masu nauyi ya jera su a jikin baya, marasa nauyi a waje, lema a sama inda hannu zai kai da sauri. Da ya gama sai ya ga jelar maɗauran tana lilo, guda shida. Ya ce ƙaya za ta kama su. Ya naɗe kowace ɗaya ƙanƙane, ya ciro baƙin salatif irin na masu gyaran wuta daga aljihunsa, ya zagaye ta sau uku ya datse da haƙori. Na ce kai, ta yi tsaf. Har godiya na yi masa. Na ƙi kore, na ƙi baƙi, na ƙi aljihu, ina ganin na fi kowa wayo, amma wannan ban ga komai a cikinsa ba.

Gari na wayewa ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni ta hanyar Mahuta, muka saki kwalta muka bi burji har inda burjin ya ƙare a gindin wata ɗorawa. Nan motar da Baba Yari ya yi haya za ta jira mu da la'asar. Na duba wayata, sandar sabis ɗaya ce, ina taka dutsen farko ta ɓace. Daga nan ko me ya faru babu wanda zan kira.

Jakar ta yi abin da aka saye ta domin shi, wannan ba zan ci hakkinta ba. Ta manne a bayana ba ta lilo, hannayena suna kama saiwa da dutse yadda nake so. Amma safiyar ba ta yi mini daɗi ba. Iska ta tsaya cik, dawa ta fi tsayina ta kowane gefe, can gabas kuma hadari ya fara taruwa, baƙi ƙirin daga ƙasa. Rafin da ke tsakiyar hanya iyakarsa idon sawu, na tsallake ina kallon alamar inda ruwa ya kai shekaranjiya, sama da gwiwata.

Bayan rafin na haɗu da wata mata daga unguwar ƙasa, ɗauke da itace. Ta sauke itacen, abin da ba a yi don gaisuwar hanya. Ta rungume hannayenta a ƙirji.

"Ɗiyar Leah, ashe haka Allah ya yi?"

Na kama ta da hannu biyu har sai da ta ja baya. Na tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce mijinta ya jiyo a Zuru jiya. Ko wani ya hau sama tun jiyan? Ta ce ba ta sani ba, ita dai ba ta ga kowa ba. Na roƙe ta ta kama bakinta har rana ta faɗi. Sauran hanyar kusan da gudu na yi ta, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne.

Na tarar da Mama a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, lafiyarta ƙalau, har da tsiyarta ta kullum. Ba wanda ya riga ni.

"Yau kuma wa ya mutu kinka zo tsakiyar wata?" Wasa take yi, haka take faɗa duk lokacin da na zo ba zato. Na yi dariya, ban san daga ina na samo ta ba. Na ce likita ne ya aiko, an kawo sabon injin duba zuciya, kwana biyu kawai zai yi a Zuru.

Na kwance bel na sauke jakar a gabanta. Ta ce iye, malama ta zama 'yar makaranta. Ta jawo ta tana shafa shuɗin yadin, tana yaba kaurinsa. Can sai hannunta ya kai kan ɗaya daga cikin naɗaɗɗun maɗauran. Ta tsaya. Ta bi baƙin salatif ɗin da babban yatsa, a hankali, ta koma kan na biyu, ta koma kan na uku. Ta buɗe zif ta leƙa ciki, ta ciro zanena da aka naɗe, ta juya shi a hannu.

"Wa ya shirya miki wagga jaka?"

"Ni mana, Mama."

"Uhm," ta ce. Ta mayar da zanen daidai inda ta ɗauko shi.

Na zauna ina jiran rigima. Mama ba ta zuwa asibiti sai an yi kwana biyu ana jayayya, sai ta kawo maganar awaki, da gona, da cewa likitoci yara ne. Na tanadi amsar kowanne tun a hanya. Ba ta kawo ko ɗaya ba. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta ta ce to, gara mu kama hanya kafin ruwa. Ta ce in miƙo maganinta. Matar da sai na yi kamar zan yi kuka take haɗiyar ƙwaya ɗaya, ta ɓare ta jefa a baki ta kora da ruwa, ta zauna shiru kamar mai sauraron saukarsa.

Sai da na kai awakinta gidan maƙwabta, kamar yadda ta aike ni, sannan abin ya faɗo mini. Shekara biyu ke nan, duk zuwan da zan yi, kafin in sauke kaya tambayarta ɗaya ce: Justice ya aiko? Yau ba ta ambaci sunansa ba. Na tsaya riƙe da igiyar akuya. Na ce wa kaina mantuwa ce, tsufa ne. Ban yarda da kaina ba.

Da na dawo ta riga ta sa kayan zuwa coci, ta kulle ɗaki, jakar tana jingine a bango a rufe, ta kumbura fiye da ɗazu. Burodin da madarar suna kan turmi, ta ce a bar wa maƙwabta, ba wuri. Na kai hannu kan zif don in ga ko ta sa maganin.

"Bar shi. Na shirya."

"Mi kinka sa ciki, Mama? Ta yi nauyi."

"Kayana. Juya in ɗora miki."

Ita ta ɗaga mini. Ta zagayo gabana ta kama bel ɗin ta ɗaure shi a kan ƙashin ƙugu, ta ja na kafaɗa, ta ƙarasa da na ƙirji, bi da bi yadda Sila ya yi, ba tare da na nuna mata ba. Shekara goma sha biyu ta yi a bariki tana shirya wa babanmu kaya. Na sani, amma ban taɓa tunawa da shi ba sai da na ga yatsunta a kan maɗaurin.

Muka fara sauka, ina gaba da taki ɗaya, hannuna na dama a baya riƙe da nata. Wani abu mai tauri, mai zagaye, yana danna mini tsakiyar baya ta cikin soson. Mai nauyi a jikin baya, haka ta sa shi. Na ce tukunyar man kaɗe ce za ta kai wa jikokinta. Na ce daddawa ce. Kowane taki abin yana taɓa ƙashin bayana, ni kuma ina ƙirƙiro masa sabon suna.

Hadarin ya rufe rabin sama, hasken rana ya koma wani iri, rawaya-rawaya. Tsuntsaye sun yi tsit. Mama ba ta magana, numfashinta kawai nake ji, gajere, da ɗan fito a ƙarshensa. Duk bayan 'yan mintoci sai ta matse hannuna, mu tsaya, ta dafa dutse, ɗaya hannun a kan ƙirji. Ina kallon leɓɓanta ina neman launin da Sista Talatu ta ce in na gani in kwantar da ita. In kwantar da ita, sannan in yi me? A nan ko ihu na yi sai birai su amsa. Tsoro ya cika ni har ina jin ɗacinsa a baki, ga kukan ƙanena da na haɗiye tun safe, ga fuska dole in sake ta duk lokacin da ta dube ni.

A wani faffaɗan dutse ta tsaya ta daɗe tana kallon gefensa.

"Nan ya karya haƙorinshi na gaba," ta ce. "Shina bin gahiya."

Ba ta faɗi ko wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce Mama mu tafi, ruwa na zuwa.

Ruwan ya same mu kafin rafi. Na zaro lema daga saman jakar ba tare da na sauke ta ba, na ba ta, ita kuma ta ƙi rufe kanta da ita, ta riƙe ta a kan bayana. Na yi mata tsawa, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ko gezau. Ruwa yana zuba a kan ɗankwalinta, lema tana kan jaka.

Kafin rafin akwai wani gangare na dutse sumul, ruwa yana gudu a kansa. Na sa ƙafa, takalmina ya zame, na tafi da baya. Abin da ya fito daga bakin uwata ba sunana ba ne.

"Jakar! Kar ki hwaɗi ta baya!"

Na murɗa jiki na faɗi a kan gwiwa da tafin hannu. Fata ta sale, jini yana bin ruwa. Ta sauko da jan gindi, ta wuce gwiwata ta fara laluba jakar, tana dannawa a hankali ta kowane gefe, kunnenta a kusa kamar mai sauraron motsi. Sai da ta gamsu sannan ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure mini ciwon. Man kaɗe ba a yi masa haka. Daga nan na daina yi wa kaina ƙarya, na san abin da nake goye da shi. Na kasa dubanta. Ita ma ba ta dube ni ba. Tsoron da nake ji ya sauya, ɗazu ina tsoron kar ta sani, yanzu ina tsoron kar ɗayanmu ta buɗe baki kafin mu kai ƙasa.

Rafin ya kawo har cinya, ja wur, yana jan ƙafa. Na kwance maɗaurin ƙirji da bel kamar yadda Sila ya ce a yi in za a shiga ruwa, don in mutum ya faɗi ya iya zame jakar ya tsira. Mama ta mayar da su ta ɗaure.

"Ba za ki hwaɗi ba," ta ce.

Muka shiga, hannuwana biyu a ƙugunta, ita tana riƙe da wuyan rigata. Ban san minti nawa muka yi ba. Na dai san a tsakiya ta tsaya, idanunta a rufe, bakinta a buɗe tana neman iska, na ce shi ke nan, a cikin ruwa zan rasa ta. Sai ta buɗe ido ta ɗaga ƙafa.

Motar tana gindin ɗorawa. A cikinta Mama ta karɓi jakar ta ɗora a cinya ta rungume har Rikoto.

Ruwan ya ɗauke lokacin da muka iso. A ƙofar falona takalma ne jere, sun fi ƙafa ashirin, wani mai hankali bai tuna ya ce a shigar da su ciki ba. Mama ta dube su. Ba ta shiga ba. Ta zauna a kan bencin tsakar gida, ta ce in ajiye jakar a gabanta, a hankali. Baba Yari ya fito yana murmushin dole, Fasto a bayansa, Sista Talatu ta ɓoye hannunta a cikin gyale.

"Leah, sannu da hanya. Shigo ciki ki..."

"Yari, kirawo min yaron da ya naɗe igiyoyin ga."

Ba wanda ya motsa. Can Sila ya fito daga bayan mutane, cikin farar riga ta gida da muka sa shi ya sa, ya durƙusa a gabanta. Ta ɗaga ɗaya daga cikin maɗauran ta nuna masa.

"Zagaye uku, a datse da haƙori. Hakanan jakar ubansu ta zo min. Soja ya kwana gidan ɗiyata, bai aiko min da wasiƙa ba, bai hau ya gaishe ni ba." Ta ja numfashi. "Ɗana, ba laihinka ba ne. Hannunka ya saba."

Sila ya kifa kansa a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta buɗe zif, ta ciro baƙin zanen da hannu biyu, ta warware shi a kan cinyarta. Tukunyar ba ta ko tsage ba. Ban taɓa ganinta a fili ba sai ranar, 'yar madaidaiciya ce, ja, da ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta, da sawun yatsun Mama a wuyanta.

"Tun can bisa kin sani," na ce. "Mama, awa uku. Don mi ba ki ce komai ba?"

"In na hwaɗi can, da mi za ki ɗauke ni? Bayanki da kaya."

Ta juya wurin Sila.

"An kawo shi ƙasar ga?"

"An kawo shi, Mama. Abuja. Ranar Laraba anka rufe shi."

"Akwai kabari? Wanda mutum ka iya tsayawa gabanshi ya ce ga shi nan?"

"Akwai, Mama. Da sunanshi a rubuce."

Ta gyaɗa kai sau biyu. Ta miƙa wa Sista Talatu hannunta da kanta, ta ce ta yi abin da ta zo yi. Da aka cire allurar sai ta sake naɗe tukunyar a cikin baƙin zanen, ta mayar da ita cikin jakar, can jikin baya, ta cusa rigata ta gefe don kar ta motsa, ta ja zif.

"Gladys, kar ki kwance jakar ga. Ki tambaya min ƙarhe nawa motar Abuja ka tashi."

Sannan ta ɗora hannu biyu a ka, ta kira sunan Justice.